Tambaya game da ƙoƙon da baraden Sarki Arthur suke nema

Ɗalibin Tarihi: Assalamu alaikum, malamai. Na sha cin karo da labarin barade masu sulke a Turai da suka bar fadar Sarki Arthur suka shiga duniya neman wani ƙoƙo mai tsarki, wanda ake cewa da shi Yesu ya sha a jibinsa na ƙarshe da almajiransa. Shin wannan nema yana cikin Linjila, ko ƙagaggen labari ne? Kuma an taɓa samun ƙoƙon?

Mai Nazarin Adabi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Linjila ta ambaci ƙoƙon jibin, amma ba ta ce wani ya adana shi ba, balle a fita nemansa. Labarin neman ya fara ne da wani mawaƙin Faransa, Chrétien de Troyes, a wajen shekarun 1180, kuma bai ƙarasa waƙar ba. Abin da ya kira graal babban faranti ne na zinariya, wanda wata budurwa ta ratsa da shi ta gaban Perceval, saurayin da waƙar take ba da labarinsa, a gidan wani sarki mai jinya, bayan an wuce da mashi mai ɗigar da jini. Perceval ya yi shiru domin an hore shi da kada ya cika surutu, alhali da ya tambayi wa ake kai wa abincin, da sarkin ya warke. A ganina wannan shirun shi ne zuciyar labarin, domin kunyar da aka koya wa saurayin ita ce ta jawo asarar.

Robert de Boron ne, a wajen shekarar 1200, ya mayar da farantin ƙoƙon jibi, ya kuma ce Yusufu mutumin Arimatiya, wanda Linjila ta ce shi ya binne Yesu, ya tari jinin Yesu a cikinsa. Wolfram von Eschenbach na Jamus kuwa cewa ya yi dutse ne, har ya yi iƙirarin cewa asalin labarin yana cikin wani rubutun Larabci da aka samu a Toledo.

Baƙuwa daga Jos: Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara da cewa Galahad, ɗan Lancelot barden Sarki Arthur, wanda a yau ake ɗauka shi ne gwarzon neman, sai a ƙarni na 13 aka shigo da shi, lokacin da marubuta suka karkata labarin zuwa ga tsarkin zuciya, suka hana mahaifinsa cin nasara saboda alaƙarsa da matar Sarki Arthur. Wannan sigar ce Thomas Malory ya kawo cikin Turanci, William Caxton ya buga a 1485.

Mai Nazarin Adabi: Haka ne, 'yar'uwa. Dangane da ko an same shi, majami'u fiye da ɗaya suna riƙe da abin da ake dangantawa da shi. A babbar majami'ar Valencia ta Sifen akwai ƙoƙon dutsen aƙiƙ, a Genoa ta Italiya kuma akwai koren kwano mai kusurwa shida da aka kawo bayan 'yan Salibi sun ci birnin Kaisariya na Falasɗinu a 1101. An daɗe ana zaton zumurrudu ne, sai da aka kwashe shi zuwa Paris a zamanin Napoleon aka tabbatar gilashi ne, aka kuma mayar wa mutanen Genoa da shi a fashe.