Sati 9 da sauya min gwiwa, har yanzu ta ƙi lanƙwasuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Shekarata 61, an yi min aikin sauya gwiwar dama sati 9 da suka wuce. Ɗinki ya warke lafiya lau, amma gwiwar ta sandare. Mai gashin ƙashi ya auna iya lanƙwasuwarta, ta tsaya a digiri 75, kuma ba ta miƙewa sarai. Ji nake kamar an ɗaure ta tamau da bel. In zan zauna sai na miƙe ƙafar gaba na faɗa kujera da baya, matakala kuwa a kaikaice nake saukowa. Mai gashin ya ce tabo ne ya yi yawa a ciki. A gida ana ta cewa rashin dagewa ne, alhali wallahi har da hawaye nake motsa ta, kuma duk ranar da aka danne ta da ƙarfi, washegari sai ta kumbura ta ƙara ƙagewa. Ranar ganin likitana sai nan da wata biyu. In jira ne ko yaya?

Wata mai aikin gashin ƙashi:
Wa'alaikumus salam Mama, sannu da jiki. Don Allah kada ki jira. Ki nemi ganin likitan da ya yi aikin cikin satin nan, ki tafi da awon a rubuce. In gwiwa ta kasa kai digiri 90 bayan sati 6, likitoci kan duba yiwuwar sa mutum barci su lanƙwasa ta da hannu, tabon ya tsinke ba tare da yanka ba. Wannan ya fi yin amfani cikin sati 12 na farko, tun tabon yana ɗanye. In ya tsufa ya yi tauri, ribar takan ragu, haɗarin karaya ko tsinkewar jijiya kuma ya ƙaru. Daga nan sai dai aikin kamara ta 'yan ƙananan huji a yanke tabon, ko a sake buɗe gwiwar.

Kuma kafin a ɗora wa tabo laifi duka, a tabbatar ba ƙwayar cuta ce ta shiga ba. Akwai gwajin jini na ESR da CRP masu nuna alamar kumburi a jiki, wani lokaci a zuƙi ruwan gwiwar, sannan hoto a ga zaman ƙarfen da aka sa a gwiwar. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri kusan digiri 65 take buƙata, shi ya sa kike iya takawa. Matakala da tashi daga kujera su ne ke neman 90 zuwa sama.

Wani dattijo:
Hajiya ki cije kawai. Ni da aka yi min tawa dannewa aka riƙa yi ina ihu, ga ni yau garau.

Wata da ta sha irin wannan:
Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, amma jiki ba ɗaya ba ne. Yaya, ni dannewar nan ce ta riƙa mayar da ni baya, domin kumburi shi ke ƙara haifar da tabon. Abin da ya karɓe ni shi ne kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. In zauna bakin kujera, in ja diddige baya har in ji ta ja, in tsaya a nan ina numfashi, ba tare da na kai inda zan yi ƙara ba. In na gama sai ƙanƙara a cikin tawul minti 15 zuwa 20, ƙafa a ɗage. Maganin zafin da aka rubuta min kuma kafin motsa jikin nake sha. Duk da haka sai da aka yi min na barcin, kuma bayansa ne aikin yake, don in aka yi sanyin jiki tabon dawowa yake yi. Maganar mutanen gida ta fi komai ci min rai. Wani jikin haka yake tara tabo ko da an yi komai daidai. Ki tafi da ɗaya daga cikinsu asibiti ya ji da kunnensa.

Wani mai jinyar mahaifiyarsa:
Mama, kada a sa filo a ƙarƙashin gwiwar ko da ya fi daɗi, a lanƙwashe za ta saba. A ƙarƙashin diddige ake sawa, gwiwar ta sauka da nauyinta. In kina da ciwon suga a kula da shi sosai. Zazzaɓi, ruwa daga ɗinki, ko sharaɓa ta kumbura tana zafi, wannan asibiti ne a ranar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina da suga kuwa, kuma da filon nake kwana, daga yau na cire. Ɗiyata ta kira asibitin, sun ce mu zo ranar Alhamis. 'Yar'uwa da aka yi wa na barci, a ranar aka sallame ki ko sai da kika kwana? Kuma yaushe kika koma gashin?