Tambaya kan wasan Rotlewi da Rubinstein na 1907

Ɗalibin Dara:
Assalamu alaikum. Ina nazarin wasan darar ces da Rotlewi ya buga da Akiba Rubinstein a birnin Lodz, da ke Poland ta yau, a 1907. Rotlewi ne fari, Rubinstein ne baƙi. Fari ya buɗe da tura sojan gaban sarauniya zuwa gidan allo mai suna d4, wato 1.d4, wanda ake cewa buɗi ne mai natsuwa, amma kafin a wuce motsi 25 ya miƙa wuya. Malamai, a ina ne ainihin wasan ya kuɓuce masa?

Malam Tanko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Laifin ba na buɗin ba ne, ɓarnar lokaci ce. Rotlewi ya kai sarauniya d2 a motsi na 10, sannan ya mayar da ita e2 a na 14. Bishof ɗinsa kuma ya je d3, ya ci soja a c4, aka kore shi da b5 ya koma d3. Idan ka dubi allon bayan motsin fari na 15, za ka ga jerin ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne, sai dai baƙi ya riga ya kafa hasumiya a d8, kuma shi ke da motsi.

Malama Hadiza:
Na yarda da Malam Tanko, amma a ganina wannan jinkirin kaɗai bai isa ya kashe wasan ba. Abin da ya kashe shi shi ne tura sojoji sau uku a jere, f4 da e4 da e5, domin hakan ya buɗe wa bishof biyu na baƙi hanya kai tsaye zuwa kusurwar sarkin fari. Daga nan aikin ya yi wa sarauniyar e2 yawa, tunda ita ke tsaron e4, ita ke tsaron h2. Shi ya sa Rubinstein ya ci doki da hasumiya a c3, wato 22...Rxc3, ya bar tasa sarauniyar a h4 aka cinye, sannan ya ajiye hasumiya a d2 domin ya janye ta farin daga bakin aikinta.

Ɗalibin Dara:
Na gode, Malama. To, me ya hana fari cin hasumiyar da bishof, wato 23.Bxc3, maimakon cin sarauniya?

Malama Hadiza:
Da ya yi haka, baƙi zai ci e4 da bishof yana barazana ga sarki, kuma da zarar sarauniyar fari ta rama a e4, babu sauran mai tsaron h2, sai sarauniyar baƙi ta ci h2, wato Qxh2, ta rufe wasan nan take.