Yaron da ya fara zafin hannu: shawarwarin iyaye da malamai

A tattaunawar da wasu iyaye da malamai suka yi kan yara 'yan shekara 11 zuwa 14 masu yawan faɗa, kusan kowa ya yarda cewa yaro abin da ya gani yake kwaikwaya. Wani malami ya tuna gwajin masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na 1961 a Jami'ar Stanford ta Amurka: yaran da suka kalli babba yana jibgar 'yar tsana, da aka bar su da ita, su ma jibgarta suka yi.

Shi ya sa aka ce gyara daga gida zai fara. Uban da ke marin matarsa a gaban ɗansa ya riga ya koya masa cewa hannu ne ke raba gardama. Batun bulala kuwa ya jawo musu. Wasu suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wasu suka ce horo daban, dukan huce haushi daban. Na biyun sun fi gamsar da ni.

An daɗe ana magana a kan unguwannin da faɗan daba ko sara-suka ya zama ruwan dare. Yaron da aka sari mutum a gabansa yakan kasa barci, ya riƙa firgita, ya yi saurin hasala, wani ma ya soma ɓoye wuƙa don tsoro. A zaunar da shi a ji ta bakinsa kafin a yi masa faɗa, a haɗa shi da kawu ko malamin da yake jin nauyinsa, a sa shi koyon sana'a bayan makaranta. Idan firgitar ta ƙi ƙarewa, a kai shi asibiti.

Bidiyon kashe-kashe da ake turawa ta WhatsApp kuma, a goge shi daga wayar da yara ke taɓawa.