Musayar Waƙa: Inda Aka Binne Cibiya

Baffa na Ganye:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jikana ya dawo daga makaranta yana tambayata ko ni ɗan ƙasa ne, wai ya ji an ce wanda aka haifa a yankinmu kafin 1961 ba ya takarar shugaban Najeriya. Na kwana da abin a raina. Amsa-amon "ya" ne, kowa ya ɗora.

Da sunan Ta'ala nake buɗewa,
Shi ya shimfiɗa ƙasa, Ya yi duniya.

A Ganye aka binne cibiyata,
Muna ƙarƙashin riƙon Birtaniya.

Jamus ta riƙe mu, yaƙi ya kore ta,
Kamaru ta Arewa, ba Najeriya.

A 1961, watan Fabrairu,
Maza da mata sun bi layin ƙuri'a gaba ɗaya.

Dubu 146 suka ce Najeriya ne,
Dubu 97 suka ce Kamaru ce hanya.

Ran 1 ga Yuni aka ɗaura auren,
Lardin Sardauna, suna ya sauya.

Ba mu ɗau kaya ba, ko taku guda,
Iyaka ce ta tashi ta yi tafiya.

Baƙo nake yau a gonar kakana?
'Ya'yana, ga ku, ga tambaya.

Ɗalibin Shari'a, Zariya:
Baffa, Allah Ya ƙara girma. Ga abin da kundin tsarin mulki ya ce.

Sashe na 131 ya gindaya sharaɗi,
Ɗan ƙasa ta haihuwa, shi ne na ɗaya.

Shekara 35, ilimin sakandare,
Ya fito kuma a inuwar jam'iyya.

Sashe na 25 ya yi fassara,
Jini yake nema, yana bin zuriya.

Ko a waje uwa ta durƙusa,
In ita ko uba ɗan nan ne, an gama tambaya.

A 2019 APC ta ɗauko zancen,
Kan Atiku, wai ba ɗan Najeriya.

Jada, 1946, in ji su,
Lokacin tana can a wata shiyya.

Ya ce tsatson uba Wurno ta Sakkwato,
Na uwa Dutse, duka cikin Najeriya.

Ƙararsa ta zaɓe ta faɗi a kotu,
Amma batun asali bai samu wurin tsaya.

Ɗan Kwari:
Baffa, naka daban ne, ba kai nake nufi ba. Amma ku bar ni in fitar da abin da ke cina.

Ni dai ina son a tsaurara ƙofa,
Kujerar nan ba rumfa ce ta haya.

Manya na kai matansu Amurka,
Su haihu can, su dawo da murna da dariya.

Yaro ya tashi da fasfo biyu,
Bai san layin mai ba, bai sha wuya.

In gari ya ɗau zafi ya hau jirgi,
Mu ne a nan, mu da ƙaya.

Wanda ke da ƙofar fita ta baya,
Yaya zai riƙe gida da zuciya ɗaya?

Hajiya 'Yar Mai Wurno:
Ƙanena Ɗan Kwari, ba duk wanda aka haifa a waje ne ɗan gata ba. Saurari nawa.

Kakan kakana ya bi Sarkin Musulmi Attahiru,
Yaƙin Burmi, 1903, ran da aka sha wuya.

Sarki ya faɗi, saura suka miƙa gabas,
Da ƙafa, da jaki, ana neman Makka a tafiya.

Suka yada zango a bakin Nilu,
Mai Wurno ta kafu, ta tara zuriya.

A can Fallata suke kiranmu,
A Kano 'yan Sudan, ko'ina muna baya.

Yaƙin 2023 ya koro mu,
Na zo da tuwo a harshe, da Hausa a murya.

Sun bar gida tun ba a haɗe ƙasar ba,
1914 ta same su a hanya.

Ɗana Ɗalibi, duba mini kundin,
Jikana fa, ina zai tsaya?

Ɗalibin Shari'a, Zariya:
Hajiya, alƙalamina ya yi nauyi.

Hajiya, ba zan rufe ki ba,
Naki ya fi na Baffa wuya.

Sai uwa ko uba na da shaidar ƙasa,
Sannan na waje ya gaji kariya.

In babu, sai rajista ko neman izini,
Ya zama ɗan ƙasa, ya zauna lafiya.

Amma kujerar Aso Rock ta haramta,
Sharaɗin haihuwa ya tare hanya.

Malama daga Damagaram:
Ɗan Kwari, na ji zafinka, kuma gaskiya ne. Tsorona wanda za a ba makullin ƙofar da kake so a tsaurara.

A 1980 an ɗauke Shugaba Darman,
Jagoran majalisar Borno, aka kai shi iyaka da tsiya.

Aka ce ɗan Chadi ne, a tura shi can,
Kotu ta ce ɗan gida ne, ya juyo baya.

Kaunda ya yi shekara 27 kan mulki,
A 1996 aka ce iyayensa ba 'yan Zambiya.

Wattara an hana shi a Kwaddibuwa,
Ƙasa ta rabe biyu, jini ya cika rijiya.

A nan Nijar ma 2020 an ja da Bazoum,
Kotun tsarin mulki ta bar shi ya tsaya.

McCain a Panama aka haife shi,
Amurka ta ce nata ne, ya yi takara ba kunya.

Duk ba a tuna asalinsu ba,
Sai ran da siyasa ta kawo hamayya.

Baffa na Ganye:
Allah Ya yi muku albarka duka.

Gobe da hantsi zan kama hannun yaron,
In kai shi gindin tsamiya.

Nan babana ya ba mu labarin layin,
Da akwatin da ya jefa wa Najeriya.

Nawa ya warware, na gode Ɗalibi,
Hajiya, naki ya tsaya mini a zuciya.