Ciyawar tsakar gidanmu tana ta bushewa, dan Allah a ba ni shawara

Maman Khairat:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara biyu kenan da muka dasa ciyawa a ɗan filin gaban ɗakunanmu nan Kaduna saboda ƙura ta ishe mu, yara ma su samu wajen wasa, daminar farko ta yi kyau sosai amma tunda hunturun nan ya shigo ta fara yin ja, wani wajen ma ƙasa ta fito fili musamman gindin mangwaro. Maigida ya watsa mata takin zamani na yuriya sati biyu da suka wuce sai abin ya ƙaru kamar an kwara mata ruwan zafi. Kullum da rana ina yayyafa mata ruwa, ga gara ta fara ci. Feshin magani kam ba na so, autata rarrafe take yi a kai, ga kaji ga rijiya kusa. Ya zan yi?

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam ƴata. Yuriyar nan ita ta ƙona ta, kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, in aka watsa a busasshiyar ƙasa ba a bi ta da ruwa mai yawa ba to ƙuna ce kawai. Kar a ƙara. In ƙiri-ƙiri ce kuka dasa kada ki tsorata, da sanyi da rani barci take yi, ciro ɗan tsiro ki kankare jikinsa da farce in kin ga kore a ciki tana nan da ranta.

Yayyafin rana ki daina shi, wani rana ke shanyewa, sauran kuma a sama yake tsayawa sai saiwa ta ƙi nutsewa ƙasa. Ki ba ta ruwa da asuba ta ƙoshi sosai sau biyu a sati, ya fi ɗan kaɗan kullum. Sannan inda yara ke tattakawa ƙasa ta danƙare, a samu ƙaramin rodi a huhhuda ta ko'ina zurfin yatsa, a tankaɗe ruɓaɓɓen takin shanu a barbaɗa sama-sama yadda ba zai binne ganyen ba, a bi da ruwa. Ruɓaɓɓe fa na ce, wanda ya yi baƙi ya daina wari, ɗanyen kashin kaji shi ma ƙona ta zai yi kamar yuriyar.

Abban Sadiq:
Ƙari kan na Baba, mai yanke miki ciyawa ki ce ya daina aske ta ƙwal, kashi ɗaya cikin uku na tsawonta kawai ake cirewa, kuma a bar ɓarɓashin a wajen ya ruɓe. Gindin mangwaro kuwa gaskiya ki haƙura, ƙiri-ƙiri ba ta son inuwa ko me za ki zuba mata, ni a nawa tsakuwa na shimfiɗa na sa benci, ruwan da nake saye wajen ƴan garuwa ma ya ragu.

Ummu Hanif:
Maganar gara ƴar uwa, ni ƴaƴan darbejiya nake dakawa in jiƙa su kwana, in tace in zuba a inda take fitowa, ba ya kashe ta kaf amma tana raguwa in ana maimaitawa, ki kuma kwashe busassun itace da kwali da ke kusa don su ke janyo ta. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk tara su nake a bokiti in zuba wa ciyawata, amma ruwan wanki mai omo ko bilic kar ki kai shi wajen, gishirinsa yana taruwa a ƙasa.

Maman Khairat:
Allah ya saka muku da alheri. Yanzu na je na kankare kamar yadda Baba ya ce, wallahi kore ne a ciki har a wajen da na ɗauka ya mutu, sai gindin mangwaron ne kawai babu komai. Ruwan wanki kuma nan nake zubarwa tun tuni, daga yau na daina. Baba takin awaki zai yi? Shi muke da shi a gida tun na bara.

Baba Mai Lambu:
Zai yi sosai tunda ya shekara. Ki daka shi ki tankaɗe, sai dai yakan zo da ƙwayar wasu ciyayi, in suka tsiro ki tuge da hannu tun suna ƙanana kafin su yi ƴaƴa.