Yaya za mu tuna da mutanenmu da suka rasu a harin Masallacin Kano?

Ɗan Dawakin Kudu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A harin da aka kai Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, wanda ya ci rayuka sama da 100, akwai mutum uku 'yan ƙauyenmu da suka shiga birni cin kasuwar Kurmi, suka tsaya sallah a can, kwanansu ya ƙare. Matasanmu sun tara gudummawa, suna so a gina ɗan dandamali a bakin kasuwa a rubuta sunayensu, amma dattawa sun ce ba su san wannan a addini ko a al'ada ba. Mene ne shawararku?

Malamin Allo, Kura:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Abin da hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya hana shi ne yi wa kabari shafen farar ƙasa da yin gini a kansa, kuma naku ba a kan kabari yake ba, sai dai ina ganin tsoron dattawan yana da tushe, domin wurin da aka keɓe da sunan mamaci, wata rana za a sami mai zuwa neman tabarruki. Sa'ad bin Ubada ya tambayi Annabi (SAW) sadakar da ta fi dacewa ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce ta Ummu Sa'ad ce. Kun ga ya ambaci sunanta, kuma ladan yana isa gare ta. Ku haƙa rijiyar burtsatse.

Hajiyar Ringim:
Malam ya yi gaskiya, amma ina roƙon kada a zubar da maganar sunayen. Yaron da aka haifa a shekarar da abin ya faru yanzu ya tasa, kuma da yawansu ba su san an taɓa tayar da bama-bamai a cikin sahu, aka bi masu gudu da harbi ba, balle harin da aka kai birnin Kano ranar 20 ga Janairu, 2012. A rubuta sunayen da ranar a jikin ginin tankin ruwan, tare da roƙon addu'a. Kafin nan, ɗana, ku je ku zauna da matansu da iyayensu, domin akwai uwar da ba za ta iya ganin sunan ɗanta kullum a wurin ɗiban ruwa ba. Ku kuma duba halin da marayun suke ciki, kada a kashe kuɗi a siminti alhali wani ya bar makaranta.

Injiniya:
Ku ware kuɗin gyara tun yanzu, ku ɗora amanarsa a hannun kwamiti da sanin dagaci, domin famfon da ba shi da mai kula yakan mutu cikin ɗan lokaci.

Ɗan Dawakin Kudu:
Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Zan kai wa mai unguwa da liman wannan shawara bayan sallar Juma'a, sannan mu tura dattijuwa guda ta fara jin ta bakin iyalan.