Me ke sa ɗan wasa ya ɗauki kofi kuma ya faɗa shaye-shaye?

Mai Usur: Assalamu alaikum. Michael Phelps, ɗan wasan ninƙaya, ya ci zinare 23 a Olamfik, amma da bakinsa ya faɗa cewa bayan gasar Landan ta 2012 rayuwar ma ta fita daga ransa. Me ke jawo haka? Kuma ta yaya koci zai gane tun da wuri?

Ɗan Dala: Wa alaikumus salam, Malam. Shekara da shekaru atisaye ne ke tsara wa ɗan wasa lokacin barci, abinci, har da abokai. Ranar da kofi ya zo hannu, wannan tsari ya watse, shi kuma bai san kansa da komai ba sai wasa. Haka ta faru da Tyson Fury bayan ya doke Klitschko a Nuwamban 2015: giya da hodar iblis, ya bar dambe fiye da shekara biyu. Ka lura da barcin da ya rikice, ƙin cin abinci, saurin fushi, da zama shi kaɗai a ƙarshen benci bayan an tashi. In abin ya wuce mako biyu, a ga likitan ƙwaƙwalwa. In ya fara zancen mutuwa, a kai shi ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Hajiya Nas: A wajenmu ta ƙofar rauni abin ya fi shigowa. Gwiwa ta kumbura, yaro na tsoron rasa gurbinsa, sai ya sha tramadol ya shiga fili. Ciwon na nan, jinsa ne kawai ya daina, shi ya sa jijiyar ke ƙara yagewa. Iyakar da likita ke bayarwa miligiram 400 ne a rana. Ƙwayar kasuwa mai 225 guda biyu ta riga ta zarce, daga nan farfaɗiya na iya biyo baya. WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta haramta tramadol a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Don Allah kada a ƙwace masa lokaci guda: gumi, gudawa, ciwon jiki da rashin barci za su mayar da shi ciki. A hankali likita ke ragewa, cikin makonni. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware da Maiduguri suna wannan aiki.

Ɗan Dala: Gaskiyarki, Hajiya. Ƙari ɗaya, Malam: tun yana kan ganiyarsa a ware masa yini guda a mako na karatu ko koyon sana'a. Wanda ya ji rauni kuma a riƙa kawo shi filin atisaye ko da sanda yake dogarawa, a ba shi agogo ya riƙe lokaci.